Ramin Kifin Yaya

Ramin da Maman Tsintau ta tarar a tsakar gidanta ya kai gwiwa. Da safe da ta fita kai 'yarta rigakafi, filin a shafe yake, ba komai sai jar ƙasa da ragowar bulo na ginin da suka tare a ciki wata biyu da suka wuce. Ta dawo da azahar ta iske an haƙe tsakiyarsa, an kewaye da igiya, ga buhunan farar tsakuwa an jingine da katanga.

"Kyauta ce fa," in ji mijinta, yana sosa ƙeya. "Yaya ce ta turo mai fulawarta, mai dasa mata furanni. Wurin kifi za a yi, har da ruwa mai tsiri sama. Jibi birkila zai zo ya zuba siminti."

Ta gyara goyon da ke bayanta. Tsintau watanta goma sha biyar, ba ta daɗe da fara tafiya ba, kuma ba a banza aka laƙa mata sunan ba. Duk abin da ke ƙasa nata ne, kuma bakinta ne aljihunta.

"Ka tuna mata muna da yarinya?"

"Haba, ita fa ta fara ɗaukarta a asibiti. Ni dai kin sani, ba zan iya kallon idon Yaya in ce a'a ba. Ita ta riƙe ni tun ina aji uku."

"Ba sai ka ce komai ba. Ka dai kira ta, ka ce ta zo gobe ta ga aiki."

Maman Tsintau ba mai hayaniya ba ce, amma ta san tsakar gidan nan fiye da wanda ya gina shi. Taku goma sha huɗu ne a tsaye, tara a kwance. Ta yi wa katanga zane da gawayi, inda inuwa take kaiwa da hantsi da inda take komawa da la'asar. Ta sha watsa ruwan wanki don ta ga inda yake gangarawa da inda yake kwanciya. So take ta samu wurin da za ta dire 'yarta ta juya baya ba tare da gabanta ya faɗi ba. Yanzu kuma ana shirin ajiye mata ruwa mai zurfin gwiwa a ƙofar falo.

Washegari da hantsi Yaya ta iso, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa. A bayanta ga mai fulawa, wani dattijo mai faffaɗar hula, yana turo baro cike da shuke-shuke a baƙaƙen ledoji.

"Amaryarmu! Kin ga abin arziki ko? Gidan ƙanena ba zai zauna kamar filin ajiye motoci ba." Ta buɗe waya tana nuna hoto. "Nan kifi, jajaye. Nan farar tsakuwa ta zagaye. Jikin katanga kuma fulawa ta bi layi. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya kalla."

"Ya yi kyau ƙwarai, Yaya. Allah ya saka da alheri." Da gaske take, hoton ya yi kyau. Ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta kawo ruwan sanyi, sannan ta koma ɗaki ta fito da wani gwangwanin madara. Ta juye shi a kan faranti.

Maɓallai uku, murfin kwalba, ƙaramar ƙusa, guntun tayil, kan biro, da tsakuwoyi da yawa.

"Wannan kuma tarkacen me?"

"Abin da na zaro daga bakin 'yarku ne tunda muka tare. Wannan wanda na gani ke nan."

Mai fulawa ya leƙo, ya ɗauki ƙusar ya juya ta. "Ikon Allah. Wannan yarinya ai da kantin kayan gini za a buɗe mata."

Yaya ta yi dariya har da tafa hannu, amma ta kalli buhunan tsakuwar nan, ta sake kallon farantin. "To, a bar tsakuwa. A sa ciyawa. Shi ke nan?"

"Baba," Maman Tsintau ta juya wajen dattijon, "wannan mai jan furen fa?" Ta karya ganye ɗaya, wani farin ruwa ya tsattsafo kamar madara. "In na ce ka lasa, za ka lasa?"

"Ni? Ina da jikoki, ban gama da duniya ba. Ko akuya ba ta kusantarsa." Ya cire hula ya yi fifita da ita. "Gaskiya ɗiyata, ni hoto aka nuna mini. Ba wanda ya ce da ni akwai mai kiwo a gidan."

Fuskar Yaya ta fara canjawa. Ta ajiye kofi. "Amarya, in ba ki son kyautar ki fito fili ki faɗa. Yara huɗu na raina, ba yau na fara ganin yaro ba. Yaro sa ido ake yi a kansa. Fulawa a canja, na yarda. Amma kifin nan yana nan."

Nan ne wurin da Maman Tsintau ta kwana tana shiryawa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

"Ina so, Yaya. Alfarma ɗaya nake roƙo. Na ɗora tukunya a wuta. Zan dire ta a ƙofar falo, in shiga in sauke, in dawo, kamar yadda nake yi kullum. Ba zan tsaya komai ba. Ku dai ku zauna nan kusa da ramin, ku ƙirga."

"Wasan yara za ki sa ni?"

"Minti ɗaya ba zai cika ba."

Ta kwance goyon, ta dire Tsintau a kan dakalin ƙofa, ta miƙa mata cokalin roba. Ta haɗa ido da mai fulawa, shi kuwa ya gane, ya matsa bakin ramin ya tsuguna. Sannan ta juya ta shige.

Daga madafa tana jin muryar Yaya, da gatse a cikinta. "Ɗaya. Biyu. Uku." Ta ɗauki tsumma, ta kama hannayen tukunyar. "Huɗu. Biyar. Ke, ina za ki?" Ta sauke tukunyar, ta kashe wuta. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma yi nawa ba, ko da yake ƙafafunta suna ta roƙonta ta ruga. "Bakwai... Ke! Ke! Tsaya!"

Da ta fito, Yaya tana durƙushe a cikin jar ƙasa, mayafinta ya zame, takalmi ɗaya ya tsaya a kan tabarma. Ta cafko Tsintau ta bayan riga, ƙafar yarinyar ɗaya tana lilo a saman ramin. Cokalin roba kuwa tuni ya riga ta isa ƙasa. Tsintau sai ƙyalƙyala dariya take, a zatonta sabon wasa ne.

"Nawa kuka kai, Yaya?"

Yaya ta ja da baya daga bakin ramin. Ta rungume yarinyar a ƙirji, tana haki. Mai fulawa ne ya ce, "Tara. Ke kuma kin fito a ashirin da biyu, ni na ci gaba da ƙirgawa."

Maman Tsintau ta ɗauko takalmin ta kawo mata, ta tsuguna tana kakkaɓe mata ƙasar gwiwa.

"Wannan ba yarinya ba ce, babur ce," Yaya ta ce daga ƙarshe. "Nawa huɗun ba wanda ya yi wannan gudun." Ta share fuska da gefen mayafi, sai ta juya kan dattijon kamar shi ya kawo shawarar tun farko. "Kai kuma Baba, da girmanka, ka haƙa rijiya a gidan da ke da jaririya?"

"Ranki ya daɗe, ke kika..."

"A cike shi. Yanzu. Amarya, faɗa masa abin da kike so, ina jin ki."

Ta faɗa, ba ta ko yi tuntuɓe ba. Ciyawa mai laushi daga ƙofar falo zuwa tsakiya, inda ake hangowa ta tagar madafa. Bishiyar gwaba a kusurwar yamma, don inuwar la'asar ta faɗo kan ciyawar. Hanyar bulo a shimfiɗe daga ƙofar gida, ba tudu ba gargada, a ɗan karkata ta wajen magudana. Fulawar Yaya kuma a zaɓo marar dafi, a rataye ta a tukwane jikin katanga, sama da kan mutum.

"Kifina fa?"

"Ranar da ta shiga firamare, Yaya, ni zan kira ku da kaina."

"Kafin nan kin haifo wani babur ɗin," in ji Yaya, ta harare ta, ta ɗauki waya ta kira ƙanenta. "Ka ce wa birkilan nan ya sha zamansa. A'a, ba ruwanka da dalili. Ni na fasa."

Kafin la'asar mai fulawa ya mayar da ƙasar, ya bi ta da ƙafa ya daddanne. Tsintau ta zame daga cinyar gwaggonta, ta nufi wurin da gudunta na 'yan koyo. A daidai tsakiya ta yi tangal-tangal, ta faɗi zaune daɓas, ta waiwayo tana neman wanda zai taso. Uwar tana kan tabarma tana zuba wa Yaya ruwa a kofi, ba ta ko motsa ba.

"Tashi abinki," ta ce. "Gidanku ne."