Ɗigon Zaiba da Tsarabar Maraɗi

A lokacin zafin 1993 ba wanda ya isa ya zauna kusa da ni bai sha labarin wayata ba. Mijina Dung har ya ƙware a barcin ƙarya. Ni kuwa ko a jikina, don bayan wahalar da na sha a ɗakin gwajin kwalejinmu da ke Harlem, abin ya fara aiki. Waya ce wadda ta fi gashin kai siranta, an lulluɓe ta da gilashi sai ɗan bakinta, a nan nake ɗora ɗigon zaiba wanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsa. In na tsoma ta a ruwa na ba ta wuta, duk ƙarfen da ya ɓuya a ruwan sai ya taru cikin zaibar. In na juya wutar sannu a hankali, kowane ƙarfe ya fito a lokacinsa, alƙalamin na'ura ya zana masa tudu a takarda. Dalma na da wurinta, tagulla na da nata. Turawa na ce wa aikin voltammetry, ni kamun ɓarawo nake ce masa.

Ana cikin haka likita ya gano dalma a jinin Firdaoussi, 'yar maƙwabciyata Aïchatou, yarinyar da ko tafiya ba ta fara ba. Mutanen Maraɗi ne, ƙofarmu na kallon tasu a wani bene da ke titin Grand Concourse. Ma'aikatan lafiya suka zo suka duba fentin bango da na taga, ba su samu komai ba. Sai mijinta Barmo ya yanke hukunci cewa gidajen Amurka ne ke cin 'yarsa, ƙarshen wata ƙaninsa zai tafi gida, a haɗa shi da yarinyar ya kai wa kakarta. Aïchatou ta daina cin abinci.

Ni da kaina ke hayaƙi na bugi ƙirji na ce ta kawo mini duk abin da ke shiga bakin yarinyar, wayata ba ta ƙarya. Ta kawo ruwan famfo, kunu, yaji, ƙanzon tukunya, ƙurar darduma, har da kunnen wata 'yar tsana da Firdaoussi ke tsotsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Alƙalami ya yi ta jan layi miƙaƙƙe, ɗan abin da ya nuna bai isa ya dami kowa ba. Kunya ta kama ni, har na fara bin matakala don kada mu haɗu a lifta.

Ita ta tare ni wata safiya. Maimakon ta yi mini ƙorafi, sai ta dubi fuskata ta ce idanuna sun faɗa kamar na mai jinya, ba za ta bar ni in fita haka ba. Ta ciro ɗan tandun kwalli daga jaka, ta riƙe haɓata, ta rangaɗa mini. Ta ce na gida ne, innarta ta aiko.

Na isa wurin aiki ina jin kaina amarya. Na zuba tsabtataccen ruwa da ɗan asid, wanda ake fara gwadawa don a tabbata kayan aiki ba su da datti. Alƙalami ya zo wurin dalma sai ya yi tsalle. Na ce shi ke nan, waya ta haukace. Na sake ɗora sabuwar zaiba, na leƙa madubi, na murza ido, na sake zuba ruwa. Tudun ya fi na farko. Ina shirin yi wa na'urar rashin mutunci sai na ga bakin yatsan safar hannuna ya yi baƙi.

Na tsaya ina kallon yatsan. Sannan na sa 'yar takarda na dangwali gefen idona, na jiƙa ta a asid, na tsoma waya. Alƙalami ya haura har ya ƙure takarda. Wallahi rawa na yi, ni kaɗai, da farar rigar aiki, irin rawar da muke yi a coci ranar godiya.

Da gudu na gangara 125th Street, inda Barmo da Aïchatou suke da teburin sayar da agogo da jakunkuna. Ina haki ina dariya, na kasa haɗa magana, sai nuna idona nake yi. Barmo ya zaci wani abu ya faɗa mini a ciki. Da kyar na ce masu na kama ɓarawon, kwallin ne, dutsen da ake niƙawa ɗin kusan duk dalma ne, yarinya na murza ido ta kai hannu baki.

Barmo ya zauna a kan kwali ya dafe kai, dariya ta ƙwace masa. "Ke nan, Madame, da na kai ta inda za a sa mata shi safe da marece." Ya ce tafiya ta fasu, sai dai komawa wurin likita.

Aïchatou ba ta yi dariya ba. Ta sauko da Firdaoussi daga baya tana kallon zagayen baƙin da ta zana da hannunta ɗazu, kamar yadda take yi kullum tun ranar suna don ido ya yi ƙarfi. Nan murnata ta koma ciki, tausayinta ya kama ni. Na ce, "Maman Firdaoussi, ba ki sani ba. Ni ma da karatuna ga shi a idona."

Ta jiƙa bakin gyalenta da ruwan gora, ta shiga goge idon yarinyar a hankali, Firdaoussi na ƙyalƙyala dariya tana zaton wasa ne. Da ta gama sai ta ɗaga ta sama ta daɗe tana kallo, hawaye na wanke nata kwallin.

"Yaya Keziya," ta ce mini, "ashe ga yadda idon ɗiyata yake."