Bargon Baƙi

Auta na tsaye kan kujera, hannunta ɗaya a saman wadiro, ɗayan yana riƙe da bango, lokacin da ta ji ƙarar ruwa ta tsaya a banɗaki. Ta fizgo bargon da ledarsa, ta dira, ta cusa shi cikin babbar jakarta, ta danna da gwiwa har zif ya yarda ya rufu.

Umma ta fito tana tari, siririyar rigar sanyi a jikinta, wadda gwiwar hannunta ta huje tun Auta na sakandare.

"Me kika cika jaka da shi haka kamar mai ƙaura?"

"Wanki ne."

"Wankinki kike kawowa gidana ki mayar da dattinsa? Lallai boko ya yi rana."

Barguna uku ne a saman wadiron nan, ko wanne cikin ledarsa. Wanda ke cikin jaka Auta ce ta saya da albashinta na farko a ɗakin gwajin jini. Umma ta karɓa ranar, ta sa albarka har da ƙwalla, sannan ta sa aka ɗora shi sama. Na baƙi ne, in ji ta. Baƙin da ake jira ba su taɓa zuwa ba. Waɗanda suka zo kuwa ba su kai matsayin a yaga musu leda ba.

Ciwon ƙirji ya kwantar da Umma tun lokacin zafi. Auta ta yi damina cur tana kai da komo tsakanin wurin aikinta da gadon asibiti, tana cin abinci a tsaye, tana barci a kujera. Yayyenta suna bugo waya, su ce sannu da ƙoƙari. Ba ta taɓa yi wa kowa kuka ba, kuma ba ta da niyyar sake komawa kujerar nan saboda wasu baƙi da ba a haifa ba.

A bas ɗin zuwa asibiti, Umma ta ce jakar ta tokare hanya, ta jawo ta ta ɗora a cinyarta. Auta ta kalli taga. Masu shaguna sun fara rataye rigunan sanyi a ƙofa, mutane na tafiya hannu a hammata.

"Wankin nan naki da laushi," Umma ta ce, tana dannawa.

"Tawul ne."

Likita ya daɗe da abin saurarensa a bayan Umma, sannan ya yi murmushi. Ƙirji ya washe, ya ce. Amma sanyi ya shigo, kuma in ta bari ya kama ta, gadonta na nan bai manta da ita ba.

"Kina da abin rufa mai kauri, Mama?"

"Uku gare ni, ɗana."

"A leda," Auta ta ce.

Umma ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur, fuskarta na kan likita tana murmushi.

Da suka fito, Auta ta ce ta manta cajar waya a ɗakinta, su biya. Ɗaki ɗaya take haya a bayan asibitin, hawa na biyu. Umma ta hau matakala tana hutawa tana mita, ta shiga ta zauna bakin gado, ta ƙare wa ɗakin kallo: littattafai a ƙasa, kofi ɗaya, takardar shaidar digiri a bango.

"Ɗauko cajar mu tafi."

Auta ta kulle ƙofa, ta zuge jaka, ta ɗauko almakashi.

Umma ta miƙe da saurin da likita bai san tana da shi ba. "Ke. Kada ki kuskura."

Almakashi ya riga ya shiga. Bargon ya kumburo daga ledar, ruwan ƙasa mai ratsin ja, yana ƙamshin shago.

"Ɓarauniya. A cinyata kika sa na ɗauko kayan satarki."

"Ke kika ce a ba ki."

"Na baƙi ne, Auta. In wani babban mutum ya sauka, da me zan fita kunya?"

"Umma, gidan wa kike yanzu?"

Umma ta waiga ta sake kallon ɗakin.

"Ni ke biyan haya a nan. Yau na yi baƙuwa, babbar mace, wadda ta sha jinya ta tashi. Da me kike so in fita kunya? Da zanen gadon nan?"

Ba ta jira amsa ba. Ta zaunar da ita, ta cire mata takalmi, ta naɗe ta tun daga kafaɗa har yatsun ƙafa. Umma ta yi ƙoƙarin riƙe fushinta, amma hannunta ya zame ya fara shafa gashin bargon a hankali, sama da ƙasa.

"Ashe haka yake," ta ce can ƙasa-ƙasa.

Ta jingina da filo. Ta ja bargon har haɓa. Sai idonta ya sauya, irin sauyin da Auta ta sani tun tana yarinya, in Umma ta gano inda riba take.

"To, uwar gida, a nan haka ake karɓar baƙi? Ko ruwan zafi babu?"

Auta ta kunna butar lantarki.

"Madara da yawa. Kuma buɗe min tagar nan."

"Likita ya ce..."

"Likita ya ce in rufa, na rufa. Lokacin da nake kwance a can, ban zaci zan ga sanyin bana ba. Tunda Allah ya nuna min, bari mu gaisa."

Auta ta tura tagar. Iska mai sanyi ta shigo ta kaɗa labule, ta taɓa goshin Umma. Ta lumshe ido, ta shaƙa, ta yi hamdala, ba tari ko ɗaya. Auta ta juya baya, ta daɗe tana juya cokali a kofin da sukarinsa ya riga ya narke.

"Gadon nan ya karɓe ni," Umma ta ce bayan ta kurɓa. "Ina ganin sai sanyi ya wuce zan koma."

"Umma, gado ɗaya ne."

"Na gani. Ƙasa ma na da faɗi. Ke kika gayyace ni."

Auta ta kalli simintin ɗakin, ta kalli uwarta da ke leƙe daga cikin bargo kamar yarinyar da ta ci wasa.

"Gobe in kin tashi aiki ki biya gida ki ɗauko na biyun, ki yaga, ki rufa. Ba na son ki kwanta min ciwo, ba ni da ƙarfin kujerar asibiti."

"Na ukun fa?"

Umma ta miƙo mata kofin, ta gyara kwanciya.

"Wannan ki bar shi a ledarsa. Wani zai iya zuwa."