Barkar Iya Mulika

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina. Kun ce ta zo? To ku matso.

Ko tabarmin makoki ba mu gama shimfiɗawa ba sai ga Iya Mulika ta shigo gidanmu na Agege, mata shida a bayanta, duk zani iri ɗaya. Bayarabiya ce, daga gonarta maƙwabcina Malam Yari ya shekara talatin yana sarin goro. Da safen nan aka kai shi makwancinsa, a shekarar ƙarin albashin Udoji. Ɗansa Ƙasimu, wanda jirgin ƙasa ya sauke shekaranjiya daga Gusau, ya shigo gaishe mu mata. Ta durƙusa gabansa, ta ce da 'yar Hausarta, "Barka, ɗana. Barka."

Ƙasimu ya fusata. Ya ce a fitar masa da ita, kuma daga yau ko ƙwayar goronta kada ta sake shiga rumfar ubansa. Ba goron Iya, ai rumfar da Malam ya kafa tun Bature bai tafi ba ta bi shi kabari.

Na ja shi bayan huhunan goro. "Zauna, ɗan nan. Ni Zuliha na goya ka kafin a kai ka Gusau."

Na gaya masa ranar da uwarsa ta rasu da ƙuruciyarta, matar nan ba ɗankwali ta zo, ta yi birgima a tsakar gidan nan, ba ta ce wa kowa barka ba. A wajensu ba kowace gawa ake yi wa barka ba, sai tsohon da ya cika kwanansa da mutunci, ɗansa ya binne shi, ba shi ya binne ɗan ba.

Na kuma gaya masa, kafin jirginsa ya iso, ina ba Malam kunu a cokali Iya Mulika ta zo dubiya. Malam ya buɗe ido ya ce, "Iya, na kai barka kuwa, ko da saura?"

"Gambari, tun bara ka kai," in ji ta, don haka mutanensu ke kiran Bahaushe. "Taurin kai ne ya zaunar da kai."

Ya yi dariya har ya ƙware. Da tarin ya lafa ya ce, "Zuliha, in ta faɗa, ku amsa mata."

Ƙasimu ya miƙe. Da muka fito, Iya tana nan durƙushe, ba ta motsa ba. Ya durƙusa shi ma.

"Barka kadai, Iya."

Ta kwance bakin zaninta ta miƙa masa farin goro. Ya ɓara, ya mayar mata da rabi.

Ƙasimu bai koma Gusau ba, rumfar tana nan hannun 'ya'yansa. Iya Mulika ta ƙara shekara tara ta rasu, shi ya fara isa ya ce wa 'ya'yanta barka. Ni kuwa ga ni a gabanku, ina jiran tawa.