Man Wardi a Ƙullin Majanyi

A unguwar Takur kowa ya san hancin Ruwaida mai humra. Ko miya maƙwabciya ta ƙona, ita ke riga mai gidan sani. Ga tsantsami kamar mage. In mijinta ya dawo daga ƙauyensu can wajen Buji, sai ya cire riga tun a zaure, wai warin garke yake yi.

Abin da ta fi ji da shi cikin kayan sana'arta wata 'yar kwalba ce da ba ta kai ɗan yatsa ba: man wardi na ainihi, wanda yayanta ya kawo mata tsaraba daga Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya. An ce sai an tara furanni buhu-buhu kafin a sami cikin cokali. Ɗigo ɗaya ya ishi kwalbar humra. Kuma yana da hali, in ya ji sanyi sai ya daskare kamar man shanu, ba a kuma kai shi wuta, ɗumin jiki ne ke narkar da shi.

Ranar da za ta je ƙauye haɗa wa ƙanwar mijinta humrar aure, ta ciro shi daga firji ta tarar ya daskare. Sai ta yi abin da ta saba. Ta goya 'yarta Umaima, mai wata bakwai, ta cusa kwalbar cikin ƙullin majanyi a ƙirjinta, ta hau acaba. Hanyar kuwa duk gargada. Man ya narke, murfin ya saki, ita ko ƙamshin ya riga ya cika mata hanci tun daga gida, ba ta lura ba.

Ɗan acaba ya sauke ta kusa da gidan surukanta, gindin wata kuka a bakin gari, inda mutanen ƙauyen ke rataye amya. Tana gyara mayafi ta ji wani gunji sama da kanta. Ƙudan zuma ɗaya ya sauka a ƙullin majanyin. Kafin ta ɗaga hannu sun zama goma, kafin ta buɗe baki ƙirjinta ya yi baƙi ƙirin, yana motsi. Ɗan acaba, namijin duniya, ya ba babur wuta ko waiwaye bai yi ba.

Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Tana jin nauyin ƙudan, tana jin ƙafafunsu suna hawa wuyanta, suna bin kafaɗa, suna gangarawa baya inda kan Umaima yake kwance. Yarinyar barci take yi.

"Kar ki motsa, 'yar nan! Kar ki kaɗa hannu!"

Goggo Hindatu ce, yayar surukinta, ta fito daga garke da ƙwarya a hannu. Ta tsaya nesa kaɗan tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ba faɗa ya kawo su ba, wani abu suka ji a jikinki. Amma in ɗaya ya yi harbi, sauran suka ji warinsa, to duk kanku za su yi. Kin ji ni?"

"Goggo, Umaima," abin da Ruwaida ta iya faɗi ke nan.

"Na gan ta. Tsaya yadda kike."

Tsohuwar ta juya cikin gida. Ruwaida ta rage ita kaɗai, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, rabi ma ba ta kai ƙarshe. Sai ta ji Umaima ta yi miƙa. 'Yar ƙafarta da ke leƙowa ta gefen kwiɓi ta fara lilo, ga ƙuda ɗaya yana tafiya a kan tafin. Shuri ɗaya ya isa ya sa ya harbi yarinyar.

A hankali Ruwaida ta sauke hannu ta share shi cikin tafinta, ta dunƙule. Nan take ya harbe ta. Zafin ya bi hannu har ƙwaƙwalwa, hawaye suka zubo, amma ba ta yi ƙara ba, ba ta kuma buɗe hannun ba, don kada warin ya fita.

Goggo ta dawo da kasko, garwashi a ciki, ta danna masa busasshen kashin shanu. Hayaƙi fari mai kauri ya turnuƙe. Ta riƙa zagaya su tana fifita shi da faifai, ta baya tukuna, har ƙudan da ke kan hular yarinya suka ja da baya suka koma wajen ƙullin. Ruwaida, wadda ko ƙofar garke ba ta bi sai ta toshe hanci, ta riƙa shaƙar hayaƙin nan tana roƙon Allah kada ya ƙare.

"Ba za a kwance ta gaba ba," in ji Goggo. "Ta sama zan zare ta. Ki ɗan rusuna."

Ta rusuna. Ta ji hannayen tsohuwar sun shiga hammatar Umaima, ta ji nauyin ya bar bayanta. Yarinyar ta tsala kuka, amma kukan yana nisa, Goggo ta yi cikin gida da ita.

Goyon ya yi sako-sako. Ruwaida ta bar zanin da majanyin suka sulale ƙasa da kansu, ta tsallake, ta ja da baya taku-taku. Sai da ta shiga zaure ta buɗe hannu. Ya kumbura suntum, ga gawar ƙudan a tsakiya.

An tuɓe Umaima an duba ta ko'ina, ko harbi ɗaya babu. Goggo ta leƙa waje ta ce, "Ga 'yar kwalbarki can cikin zanin, da saura a ciki. In sun watse a ɗauko miki?"

"A bar musu, Goggo."

"To kawo yarinyar a yi mata wanka, duk ta yi ƙaurin kashin shanu. Na san halinki."

Ruwaida ta ƙanƙame yarinyar da hannunta mai lafiya, ta tura hanci cikin wuyanta, ta ja numfashi mai tsawo.

"A bar ta haka tukuna," ta ce.