Shagon Ƙarƙashin Bene

Kai arba'in da uku ne a ƙauyen, in an cire mata da jarirai, kuma Mai Aski ya gama sanin su cikin wata biyu. Ya san mai sanƙo, ya san mai tabo a ƙeya, ya san wanda kunnensa ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Ba ƙarancinsu ne ya dame shi ba. Abin da ya dame shi, masu kawunan nan ba sa magana.

Mutum zai zo ya zauna a benci ƙarƙashin rumfar ƙofar gida, ya ce, "Ina kwana, Baffa," ya sunkuyar da kai, shi ke nan. Ka tambaye shi gida, lafiya. Gona, lafiya. Ko gidan nasa na ci da wuta lafiya zai ce, don mai askin nan baffansa ne, ko yayan surukarsa, ko maƙwabcin ƙanwarsa, kuma babu mai hankalin da zai zazzage cikinsa a gaban dangi.

A birni ba haka ya saba ba. Shekara ashirin da takwas ya yi a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, daura da tashar mota. Shagon bai kai a kira shi shago ba: in ya buɗe hannu gwiwarsa na bugun bango, in wani ya hau bene da gudu madubi sai ya yi rawa. Amma kujerar nan mai juyawa ta ji abin da alƙali bai ji ba. Baƙo zai sauko daga mota da ƙura a gira, ya zauna, a ɗaura masa ƙyalle a wuya, kilifa ta fara ƙara, sai bakinsa ya buɗe. Wannan ya rabu da matarsa yana nadama, wancan an kore shi daga aiki bai faɗa wa kowa ba, wani kuma ya zo neman ƙaninsa da ya ɓata. Sun san ba za su sake ganin sa ba, shi ya sa suke faɗa.

To me ya fito da shi? Bakinsa. Kowa a birni yana cewa, "In Allah ya kai mu, gida za mu koma," kamar yadda ake cewa sannu da aiki. Kowa yana da ginin da ya fara a ƙauye, wanda ba ya ƙarewa. Shi ma ya fara nasa don kada a bar shi a baya, bana bulo, baɗi kwano. Kuskurensa ɗaya ne, nasa ginin ya ƙare. Yara sun girma sun kama gabansu, Uwar yara ga tari ya ƙi sakin ta, ga gida an shafa masa fenti. Da wane baki zai ce wasa yake yi?

Ita kuwa ƙauye ya karɓe ta. Matar da ta yi shekaru a ɗaki ɗaya mai taga na kallon bangon wani gida, yanzu tana da tsakar gida da sai ta ɗaga murya a ji ta daga wannan kusurwa zuwa waccan. Tari ya tafi. Ta tara awaki biyar, ta shuka ganye a bayan ɗaki, ga yayarta katanga ɗaya ce tsakaninsu, suna hira kowa na aikinsa. Har dariyarta ta canja. Shi bai ma san tana da irin wannan dariyar ba, kuma abin ya ɗan ba shi kunya.

Don haka ya haɗiye tasa damuwar. Kullum da la'asar sai ya ce zai miƙe ƙafa, ya hau tudun bayan makaranta, inda nan ne kaɗai waya ke samun sabis, ya kira Mai Makulli, tsohon maƙwabcinsa da ke yanka makullai a bakin benen.

"Ɗan ƙauye! Yaya awaki?"

"Bar ni da awaki. Juya min wayar wajen titi."

Mai Makulli zai yi tsaki ya juya. Sai ga shi duka: hon ɗin motoci, kwandasta na kiran fasinja kamar ana yanka shi, janareto, wata mata na zagin mai babur. Dattijo mai furfura tsaye a kan tudu, waya manne a kunne, ido a rufe, yana sauraron hayaniyar da ya yi shekaru yana tsine wa. Sabo turken wawa, in ji mutane, kuma ya yarda da shi ake. Kewa ce tsagwaronta.

Ran wata Litinin Mai Makulli bai juya wayar ba.

"Tsaya, yau akwai magana. Wanda ya karɓi shagonka ya tattara ya tafi, bai iya komai ba sai yanke wa mutane kunne. Kujerarka na nan, madubinka na nan. Na roƙi mai bene, ya ce zai riƙe maka zuwa Juma'a da azahar. In ba ka zo ba, mai sayar da rigunan waya zai ba."

"Rigunan waya? A shagona?"

"Shagonka ne? Kai da ka zama sarkin noma? Wurin kwana kada ya dame ka, akwai ɗan ɗakin da nake ajiye kaya. Ka yi shawara da iyali."

Shawara da iyali. Faɗar ta fi yi sauƙi. Ya sauko daga tudu ya tarar da Uwar yara tana ba awaki dusa tana yi musu faɗa ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe baki, ya ce, "Sannu da aiki." Talata ta wuce. Ran Laraba ya kwance kilifarsa ya goge ta ya sa mata mai, ya wasa almakashi, ya wanke tawul ɗin da ba su yi datti ba. Da wani ƙanensa ya zo aski ya yi masa gefe ɗaya ya tsaya yana kallon hanya, har sai da mutumin ya ce, "Yaya, haka zan tafi?"

Ran Alhamis da hantsi Uwar yara ta zo ta zauna a bencin masu aski, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, gobe ne ko?"

"Gobe me?"

"Haba Malam. A garin nan in ka yi atishawa a kan tudu, a bakin rijiya ake yi maka sannu. Malamar makaranta ta ji, ta gaya wa Yaya, Yaya ta gaya min tun ran Litinin. Ina ta jira in ga ko za ka faɗa da bakinka."

Ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a kan almakashi. "Ai ban ce zan je ba."

"Ba ka ce ba. Amma shekara guda ke nan kana cin abincina kamar magani." Ta gyara zama. "Ni na san ciwon nan, ba a ba ni labarinsa ba. Shekara ashirin da takwas ina da shi. In ka fita da safe sai in zauna ina kallon bangon nan ina ƙirga tsagarsa, ina tuna ƙamshin ƙasa in an yi ruwa. Ka taɓa ji na ce maka wani abu?"

Bai taɓa ji ba. Shi da ya ji cikin dubban baƙi.

"To mu koma tare mana," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Zan nemo ɗaki mai iska. Mai tsakar gida ma."

Ta yi dariya, amma ba irin sabuwar dariyar ba. "Mai tsakar gida, a ƙarƙashin bene? A'a, Baban yara. Na yi nawa zaman. Ko a kan jaki aka ɗaure ni ba zan koma ba. Kuma ba zan ce maka ka zauna ba, don ba na son in riƙa ganin fuskata ta dā a jikin taka."

Ya so ta yi fushi. Da ta yi fushi da ya sami dalilin zama, ya kuma sami wanda zai ɗora wa laifi har ƙarshen rayuwarsa. Ta hana shi wannan ma. Ta tashi ta shiga ta wanke masa kaya.

Mota ɗaya ce ke bi ta ƙauyen, da sassafe. Ita ta ɗauko masa jaka har bakin hanya, tana ta lissafa masa: maganin hawan jini na aljihun gefe, kada ya sha ruwan sanyi, ya gaishe da Mai Makulli ya ce masa Allah ya isa. Ya ce duk ƙarshen wata zai zo. Ta ce to. Da mota ta tashi ya leƙo ta taga, ya hange ta ta juya tana sauri, don ta bar awaki ba ta kwance su ba.

Kafin azahar yana gaban bene. Kuma kada a yi ƙarya, ya ji daɗi. Hayaƙin mota ya doke shi a hanci ya ji kamar an yi masa maraba. Mai Makulli ya rungume shi yana cewa yana warin akuya. Mai bene ya miƙo makulli. Ya share gashin da wancan ragon ya bari a lungu, ya goge madubi, wani ya hau matakala da gudu, madubin ya yi rawa, sai da ƙwalla ta cika masa ido.

Mutum uku ya yi wa aski a ranar, kuma hannunsa bai manta komai ba. Na farko direban babbar mota ne da ya yi kwana huɗu a hanya da kaji ɗari biyu, mota ta lalace, ya ce har yanzu in ya rufe ido cara yake ji. Na biyu ango ne da ke tsoron surukarsa fiye da mutuwa. Na uku wani dattijo ne da ya zo ganin jikar da aka haifa masa, ɗansa ya ba shi adireshin da babu shi. Mai Aski ya saurara, ya jinjina kai inda ya dace, ya ce "Ash-sha" inda ya dace, zuciyarsa fes.

Da rana ta yi sanyi ya kaɗe ƙyalle, ya jawo ƙofa, yana murmushi shi kaɗai. Ya riga ya tsara yadda zai yi: labarin angon zai fara ba Uwar yara, ya kwaikwayi muryarsa, sai na kaji, ta yi dariya har ta ce ya bari cikinta na ciwo. Na dattijon zai ajiye sai an gama cin abinci, don ya san ta, za ta ce, "Wayyo, to ka raka shi?"

Makullin na cikin kwaɗo ya tsaya cak, ya tuna ba ta nan.

Haka yake yi kullum, shekara ashirin da takwas. Yana tara labarai tun safe, da yamma ya kai wa matar da ta wuni tana kallon bango, ita ta ce wannan maƙaryaci ne, wancan a tausaya masa. Duk shekarar da ya yi a kan tudu yana lissafa abin da ya bari a birni, ya sa hon, ya sa kujera, ya sa har Mai Makulli, ita ce kaɗai bai sa ba.

Ya lalubo waya ya kira ta. Wata murya mai ladabi ta ce ba a samun lambar a halin yanzu. Ina za a same ta? Ita ba ta da abin da zai kai ta tudu.

"Kai, mutumina," ya ce wa Mai Makulli, wanda ke haɗa kayansa, "ka ji abin da direban nan ya ce kuwa? Wai kaji ɗari biyu…"

"Na ji, ai ina nan zaune. Rufe mu tafi, kada mu rasa mota."

Ya rufe. Titi ya cika maƙil, mutane na ture shi ta hagu ta dama kowa na saurin zuwa gida, shi kuma yana tsaye da jaka a hannu da labari uku a baki, babu wanda zai ba.