An Yafe da Yawun Maimunatu

Maimunatu tana cikin takaba aka yi zaman sulhu a ƙofar dagacin ƙauyensu, can bayan Sandamu, da makiyayan da suka sare mijinta a gonar gero. Mata ba sa zuwa irin wannan zama, sai wan mijinta Ɗanbaba ya wakilci gidan.

Da ya dawo ya tsaya bakin ɗakinta ya ce, "An yi musabaha, an shafa Fatiha. Mun yafe."

"Yaya, har da nawa?"

"Gaba ɗaya. Manya na zaune, yaya zan ce ban da ke?"

Da an tambaye ta, wataƙila da ta yafe. Yanzu kuwa an gama magana, ba mai zuwa ya tambaya.