Motar Eilif Ba Ta Son a Maimaita Mata

A Asabar ta ƙarshen watan Satumba mutanen wani ƙauye na bakin teku a ƙasar sanyi suke fito da kwalekwalensu daga teku kafin ƙanƙara ta sauko, kuma shekara talatin ke nan Eilif ne mai ja. Aikin gayya ne. Maza su ɗora kwalekwale a tirela, mata su zo da gahawa da wainar fulawa mai jan cuku, shi kuwa ya zauna a mota ya haura gangaren nan mai santsi a hankali, ko ruwan da ke cikin kwalekwalen ba ya motsi. Ba shi da wani abin taƙama a duniya da ya wuce ƙafarsa ta dama mai taka totur.

Bana tsatsa ta cinye tsohuwar motarsa, ya sayi sabuwa. Tun daga ranar ƙafar ta fara ba shi kunya. Ya taka totur, shiru. Ya ƙara takawa, sai motar ta zabura kamar akuyar da aka tsikara. Makon jiya ma ya ture kwandon shara a ƙofar gidansa. Tsoro ya kama shi sosai, don da ƙafa ciwon mahaifinsa ya fara kafin ya kwantar da shi, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ya bar wa cikinsa. Ya dai ƙudura cewa in ya kasa a gayyar bana, ya bar tuƙi ke nan.

Ko matarsa Halldis bai gaya wa ba. Ita dama mace ce da ba ta amsa magana nan take. Ka tambaye ta ko akwai gishiri, sai ta numfasa tukuna. In ka kuskura ka maimaita, ka taro wa kanka ruwa, don a lokaci guda za ta sauke maka amsar da faɗa. Da ya nemi aurenta kwana uku ta yi kafin ta ce to.

Kwalekwalen farko na Oddvar ne, tsohon bakanike, abokinsa tun suna makaranta, mutumin da bakinsa ba ya da birki. Eilif ya taka, bai ji komai ba, ya ƙara. Mota ta fizga, tirela ta yi tsalle, kwalekwalen ya karkace saura ƙiris ya sauka a kan siminti.

Oddvar ya leƙo ta taga. "Kai tsoho, jirgina ka zo ja ko haƙori ka zo cirewa?"

Aka yi dariya, ban da Eilif. Ya ja birkin hannu ya fito, ya miƙa wa abokinsa makulli, ya ce a nemi wani. Sannan ya faɗi abin da ya ɓoye wata biyu, cewa ƙafar ta daina jin maganarsa, yana aika ta tana makara.

Oddvar ya dube shi, ya dubi motar, sannan ya ɗaga bonet.

"Zo nan, sarkin direbobi. Nuna mini wayar totur."

Eilif ya duba dama, ya duba hagu. Babu waya. Oddvar ya yi masa bayani yana dungure masa kafaɗa. A tsohuwar motar waya ce ta taso daga ƙarƙashin ƙafarsa har bakin inji, yana takawa tana ja, ba ɗan aike a tsakani. Wannan kuwa saƙo totur yake kai wa kwamfuta, ita ta ɗan yi shawara, ta auna santsi da nauyi, sannan ta ba da mai. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido biyu ba, amma ƙafar da ta shekara talatin da waya dole ta ji shi. Shi kuma sai ya ƙara takawa, saƙo biyu su iso tare. Sauri ya haifi nawa.

"Ƙafarka lafiyarta lau. Da ta mutu ai ba za ta lura ba. Kanka ne dai ban ba da shaida ba."

Eilif ya ji kamar an sauke masa buhu daga wuya. Ya juya wajen Halldis da ke tsaye da butar gahawa, ya tambaye ta ko ta ji wannan abin mamaki. Ta yi shiru. Ya buɗe baki zai maimaita, sai ya kama kansa.

Ta zuba masa gahawa tukuna, sannan ta ce, "Shekara arba'in da huɗu kana zaune da irinta, a ce mota ce za ta gagare ka?"

Eilif ya karɓi makullinsa, ya koma mota ya zauna. Ya ɗora ƙafa a hankali, ya taka sau ɗaya, ya jira kamar yadda yake jira a teburin cin abinci. Inji ya amsa, tirela ta biyo shi sumul har tudu. Kwalekwale goma sha tara ya fitar a ranar, Oddvar na binsa da tsiya, shi yana ta murmushi.

A hanyar gida ya tambaye ta ko ta san abin da ke damunsa duk kwanakin nan. Sun wuce coci, sun wuce shagon kifi, bai ƙara cewa uffan ba. Sai da ya tsaya a ƙofar gida ta dafa gwiwarsa ta dama.

"Tun ranar kwandon shara," in ji ta. "Jira nake ka tambaya."